Jirgin Da Muka Hana Tashi

Da wuya shekara ta juyo ba a turo mana bidiyon wani matashi da ya ƙera jirgin sama a ƙofar gidansu ba. Yau a ce a Najeriya ne, gobe a ce Kenya ko Habasha. Za ka ga an sharɓa masa fenti, farfela tana juyawa, ƙura ta turnuƙe, yara suna ta sowa. Masu kallo kuwa kullum kashi biyu ne: masu cewa gwamnati ta tallafa masa, da masu cewa a kai shi a yi masa ruƙiyya. Bayan mako guda kowa ya manta. Ba mai komawa ya tambaya ko jirgin ya tashi. In bai tashi ba, me ya hana? In kuma zai tashi, wa ya duba shi kafin ɗan mutane ya shiga ciki?

Wanda ya fi shahara a ƙasar Hausa shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi na Kano. A shekarar 2007, yana ɗan shekara 24, yana karatun kimiyya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas. Injin tsohuwar Honda Civic ya sa masa, mai ƙarfin doki 133, ya ciro kujeru daga wata Toyota, ya tsinto wasu sassan daga ragowar wani jirgin sama da ya faɗi kusa da Kano. Da kuɗin gyaran waya da kwamfuta ya yi, tare da taimakon mahaifinsa, ilimin kuma a intanet ya tono shi. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, wato mita biyu da 'yan kai. Labarinsa ya zaga duniya, daga baya ya samu tafiya Ingila ƙaro ilimi.

Duk sanda aka ambaci ƙafa bakwai ɗin nan sai wasu su yi dariya. Ni ba na yi. Ɗaga ƙarfe da mutum a ciki, ko da taƙi ɗaya ne, ba wasan yara ba ne. Sai dai akwai abin da masana harkar suka sani: jirgi mai saukar ungulu ya fi samun sauƙin shawagi dab da ƙasa, domin iskar da yake bugawa ƙasa tana tokare shi kamar matashin kai. Da ya ƙara sama, wannan tallafin ya gushe, sai ainihin ƙarfin inji da ingancin fukafukai. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Mubarak shi ne kaɗaicinsa. Kano gari ne mai maƙera tun kaka da kakanni, mai filin jirgi mai daɗaɗɗen tarihi, garin da jirage uku na sojan Ingila suka sauka tun ranar 1 ga Nuwamba 1925. Amma da labarin ya fito, labarin mutum ɗaya ne. Ba a ji wata majalisa ta masu irin sha'awarsa da zai kai wa zanensa su duba ba.

Ni malamin lissafi ne a Malanville, garin da ke arewacin Benin a bakin kogin Neja, wanda 'yan uwanmu Dandawa ke kira Isa. In ka tsaya a bakin ruwa kana hango ƙasar Gaya ta Nijar. An san mu da kasuwa, da albasa, da shinkafar fadama, da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano. Ba a san mu da jirgin sama ba. Duk da haka muna da wata 'yar majalisa ta mutum shida da ke zama a rumfar wani mai walda bayan la'asar, ranar da kasuwa ta watse. Akwai shi mai rumfar, da bakaniken injin ban ruwa, da mai gyaran waya, da wani dattijo masassaƙin kwale-kwale, da ni, da wani saurayi ɗan maƙwabcina. Ba mu da suna, ba mu da takarda, ba mu da shugaba. Littafi ɗaya muke da shi, da sikeli, da tef ɗin awo, da adashin jika ɗaiɗai a wata. Saboda saurayin nan aka fara zaman.

Yaron walda yake koyo, kuma hannunsa yana da kyau. Kusan shekara guda yana tara guntayen ƙarfe, yana haɗa wani abu a bayan ɗakinsu da dare. Mahaifiyarsa ce ta zo ta sami iyalina, aka kira ni. Ta ce, "Malam, ɗanka ya ce zai tashi sama ranar sallah. Ya riga ya yi magana da wani mai mota zai ja shi da igiya a hanyar laterit. Na yi faɗa, na yi kuka, bai ji ba. Ku da yake jin maganarku, ku taimake ni." Da na je na ga abin, sai na fahimci tsoronta, na kuma fahimci alfaharinsa. Gangar jikin da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya yi ta, irin na ƙofa da taga, ɗinkin waldar tsaf. Fukafukan kwanon rufi ne. Tayoyin baro, kujerar roba, injin ban ruwa a gaba, farfela kuma ya sassaƙa ta daga wani katako mai gaɓa a tsakiya.

Da na ce masa ba zai tashi ba, da maganar ta ƙare a nan, domin duk garin sun riga sun faɗa masa haka, wasu har da waƙa. Sai na ce mu auna. Muka aro babban sikelin da ake auna buhunan masara, muka kira mai walda da bakanike su kama mana. Jirgin shi kaɗai kilo 180, shi kansa kilo 60. Fiffiken mita shida ne a tsawo, mita ɗaya a faɗi. Injin irin na fadama ne, mai ƙarfin doki shida da rabi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar jirgin sama, ido bai san komai ba sai an ɗora a sikeli.

Yaron ya yi karatun abinsa, don haka bai yi shiru ba. Ya ce, "Malam, ai 'yan gidan Wright ma masu gyaran keke ne, injinsu doki 12 ne kawai, kuma sun tashi." Gaskiya ya faɗa. Ranar 17 ga Disamba 1903 Orville Wright ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci kimanin mita 36. Sai na buɗe littafi muka yi lissafin tare, shi ke riƙe da biro. Jirgin Wright da matuƙinsa kusan kilo 340 ne, amma fukafukansa biyu ne, sama da ƙasa, na katako da yadi, kowanne ya haura mita 12 a tsawo, faɗinsu gaba ɗaya kusan murabba'in mita 47. Ke nan kowane murabba'in mita yana ɗaukar kilo bakwai da wani abu. Nasa kuwa kilo 240 a kan murabba'in mita shida, kowanne kilo 40. Kafin fiffike mai irin wannan lodi ya ɗaga, sai ya yi gudun da ya wuce kilomita 80 a awa, wannan ma in an lanƙwasa shi yadda ya kamata, ba kwano a miƙe ba. Ga zafin garinmu, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta riƙe fiffike kamar mai sanyi.

Na ƙara masa da abin da ba a cika faɗa ba game da 'yan Wright. Su biyu ne, kullum suna musu da juna a kan kowane awo. Sun shafe shekara uku suna gwada jirage marasa inji. A 1901, da suka ga lissafin da suka gada daga magabata bai yi daidai da abin da suke gani ba, sai suka haɗa akwatin gwajin iska a shagonsu na Dayton, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, suna rubutawa. Suna kuma musayar wasiƙu da wani tsohon injiniya, Octave Chanute. Daƙiƙa 12 ɗin nan a kan tulin takardu da gardama ta tsaya.

Bakanike ne ya faɗi abin da ya fi tsorata mu. Ya ce shi bai damu da tashi ba, farfelar ce matsalarsa. Injin ban ruwa yana juyi kusan 3,600 a minti. Katako mai gaɓa in ya tsage a wannan gudun, ɓallin zai fita kamar harsashi, kuma ranar sallah duk yaran unguwa za su kewaye wurin. Mai walda ya ce, in mota ta ja shi ya yi tsalle mita ɗaya ya dawo ta hanci, injin da ke gabansa a ƙirjinsa zai tsaya. Dattijo masassaƙi bai ce komai ba sai da kowa ya gama. Ya zaga jirgin, ya ɗaga jelarsa da hannu ɗaya, ya sauke, ya ce, "Ɗana, lodinka ya yi baya. Kwale-kwalen da aka yi wa irin wannan lodi, kansa ne ke tashi ya juye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya faɗi abin da injiniyoyi ke kira tsakiyar nauyi, wanda a yawancin jirage dole ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba.

Yaron ya yi fushi. Mako biyu bai gaishe ni ba, bai zo rumfa ba. Ina jin nauyin abin, domin na san mun taɓa abin da ya fi so a duniya, a gaban manya huɗu. Dattijon ne ya bi shi har gida da daminsa na karan dawa. Ya ce masa, "Tun kana rarrafe ake yin motar kara a garin nan. Zo mu yi jirgin kara, ka nuna mini lissafin da Malam ya koya maka." Daga nan majalisar ta samo asali.

A lokacin ne na shiga bincike in ga yadda ake yi a wuraren da talakawa ke ƙera jirage a gida kuma suna tashi lafiya. Na tarar ko'ina ƙungiya ce ke riƙe da abin. A Amurka, wani matuƙi mai suna Paul Poberezny ya tara mutum talatin da 'yan kai a Milwaukee a watan Janairun 1953, suka kafa ƙungiyar da ake kira EAA. Ofishinta na farko a ɗakin ƙasa na gidansa yake. Yau tana da mambobi sama da 200,000 da rassa ɗaruruwa a ƙananan garuruwa, kuma taronta na shekara a Oshkosh yana tara jirage sama da 10,000. Amma ainihin aikin a rassan ake yin sa. Su haɗu sau ɗaya a wata, su ci abinci, su je garejin wanda yake kan aiki. Suna da tsofaffin hannu, masu ba da shawara kyauta, waɗanda ke zuwa da tocila da madubi su leƙa cikin fiffike kafin a rufe shi. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya tuƙa jirgin da ya haɗa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin, ya nuna littafin da ya rubuta matakan aikin, mai bincike ya duba, sannan ya yi awa 25 ko 40 na gwaji a wani keɓaɓɓen yanki kafin ya fara ɗaukar fasinja. Tun 1992 kuma suna ɗaukar yara kyauta su zaga da su sama, sun ɗauki fiye da miliyan biyu.

Faransa kuwa da jini ta sayi nata darasin. Henri Mignet, mutum ne mai koyon kansa, ya ƙera wani ɗan ƙaramin jirgi da ya raɗa wa suna Ƙwarƙwatar Sama, ya tashi da shi a 1933, ya buga littafin yadda ake haɗa shi a 1934. Kafintoci da bakanikai suka rungumi abin a Faransa da Ingila, aka haɗa ɗaruruwa. Sai mutane suka fara mutuwa iri ɗaya: jirgin in ya sunkuyar da kai ya wuce wani mizani, ba ya ɗagowa. A 1936 aka sa shi a manyan ɗakunan gwajin iska na ƙasashen biyu, aka gano aibin yana cikin yadda fiffiken gaba da na baya ke shafar juna. Aka dakatar da shi, aka gyara zanen. Bayan yaƙin duniya na biyu masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta RSA, wadda har yau tana nan. Mignet haziƙi ne, ya tuƙa nasa lafiya, amma aibin da ke cikin zanensa sai da wasu idanu suka gano shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan harkar Turawa ce da ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Jirgin koyon tuƙi na sojan saman Najeriya da ake kira Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna, asalinsa RV-6A ne, zanen Richard VanGrunsven na jihar Oregon, wanda ya yi shi don masu haɗawa a garejin gida. Irin jiragensa sama da 10,000 sun tashi a duniya. Ke nan a Kaduna akwai hannayen da suka buga rivet a fiffiken jirgi, a Zariya akwai kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage tun 1964. Da yawa cikin mutanen nan sun yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida suna jan carbi. Tsakaninsu da yaron da ke walda a bayan ɗaki babu nisa, hanyar haɗuwa ce babu.

Mu namu zaman ƙarami ne ƙwarai, amma muna da ƙa'idoji huɗu da muka rubuta a shafin farko. Ba abin da zai tashi sai mutum biyu da ba su sa hannu a haɗa shi ba sun duba. Duk gwaji sai an rubuta nauyi, da tsawon fiffike, da inda nauyin ya zauna, da nisan da ya ci, ko da faɗuwa ya yi nan take. Ba mai shiga cikin abin da muka haɗa. Ta huɗu kuma halin da muke ciki ne ya kawo ta. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka toshe gada, jama'a suka koma tsallakawa a kwale-kwale, ga kuma matsalar tsaro a dazukan jihar Alibori, duk abin da ya tashi sama a bakin iyaka abin zargi ne, kuma jami'an tsaro suna da hujjarsu. Don haka ba ma sa kyamara, ba ma kusantar gada ko kogi, ba ma amfani da rimot. Mai gyaran waya yana da ƙananan motoci da batura da ya tanada da kuɗin adashi, suna cikin kwali suna jiran lokacin da za a iya neman izini. A filin ƙwallon makaranta muke jefa jiragenmu da hannu, mai unguwa ya sani, shugaban makaranta ya sani.

Da ɓargon kara muke yi, da tsinken tsintsiya, da takardar buhun siminti, da farin soson da ake naɗo firji da shi. Wasu muna sa musu farfelar da robar tayar keke ke murɗawa. Na farkon da yaron ya yi, mita huɗu ya ci, ya ɗaga kai ya faɗo ta jela. Dattijo ya miƙa masa ƙusa ɗaya ya ce ya soka a hanci. Ya ci mita 11. Ya ɗan ɗaga bakin fukafukan sama kamar na shirwa, ya daina karkacewa. Yanzu littafin ya kai gwaji na 63, mafi nisa mita 29, kuma shi ne ke hana yaran makarantar da ke zuwa kallo jefa nasu kafin a ɗora a yatsa biyu a ga inda ya daidaita. Rannan na ji yana ce wa wani ƙaninsa, "Kai, ba a rubuta ba, ba a yi ba." Ya koma karatun dare yana shirin jarrabawar da ya bari, domin ya gano duk makarantar gyaran jirgi takardar sakandare take fara tambaya.

Babban jirgin kuwa shi da kansa ya yanka shi. Injin ya koma fadama. Gangar jikin ta zama amalanke, ana hayarta ranar kasuwa tana ɗaukar albasa, daga ciki yake biyan adashinsa. Wasu a gari suna cewa mun kashe wa yaro zuciya, da mun bar shi da yanzu an san Malanville a duniya. Na ji wannan magana fiye da sau ɗaya, har daga bakin malamai 'yan uwana. Amsata ita ce, bidiyon minti ɗaya bai kai ƙafarsa daraja ba, balle idon ɗan wani. Mahaifiyarsa dai ta aiko mana da fura ranar sallah.

Abin da nake roƙon 'yan uwa na Kano da Zariya da Maraɗi da Sakkwato shi ne, in an sake samun irin wannan yaro a unguwarku, kada ku tsaya a tafi ko tsaki. Ku nemi mai walda ɗaya, da malamin lissafi ɗaya, da tsohon ma'aikacin jirgi in Allah ya sa akwai shi a kusa. Ku je da sikeli da tef da littafi, ku zauna a tabarma ɗaya da shi, ku sa ranar dawowa. Gwamnati tana da nata aikin, kuma za mu ci gaba da kira gare ta. Wannan kuwa namu ne, kuma kuɗinsa bai wuce na shayi ba. Mu a nan, zama mai zuwa fiffike mai mita biyu za mu gwada, dattijo ya riga ya jiƙa gorar da za a lanƙwasa.